Awakin Surukata

Shekarar da fari ya ƙone geronmu tun bai kai gwiwa ba, ɗana na fari ya daina karɓar kunu. Ya rame, ko kuka ba ya yi. Ni ma zuciyata ta mutu, ba na barci, ba na son magana.

Daga ƙauyenmu na wajen Dogo aka kai mu gidan likita a Mirriya. A can akwai wata dattijuwa mai tara iyaye mata a inuwa tana koya mana reno. Ga ban dariya, ga baki kamar reza, amma kafin ta tambayi lafiyar yaro sai ta tambayi ta uwarsa. A gabanta na fara yin kukan da na daɗe ina haɗiyewa, na ji sauƙi.

Ta ce yaron da yunwa ta kwantar sai an dube shi cikin ido, an kira sunansa, an yi masa wasa, kafin ya buɗe baki. To ni ina zan iya? Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta yi masa wasa a gaban manya. Kullum ina ba shi kunu fuskata a gefe.

"Ke, ƴata," in ji ta, "kunyar nan taki cokali nawa ta taɓa ba shi?"

Matan suka kwashe da dariya. Surukata tana zaune a bayana. Mace ce da ba ta wasa da al'ada, har tari nake tsoron yi kusa da ita.

Da muka koma gida na dama kunu, na zauna, wuyana ya ƙi juyawa. Sai surukata ta miƙe ta yafa zane.

"Bari in je in dubo awaki," ta ce, ta ja ƙofa.

Ranar na kira sunansa a hankali. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya buɗe baki.

Haka ta riƙa fita duk lokacin kunu, cikin zafin rana, har yaron ya tashi da ƙafarsa. Ban taɓa ganin mai kara irinta ba, kuma har ta rasu ba mu taɓa tada zancen ba. Awakinmu kuwa tun farkon farin nan suka mutu, ko ɗaya bai rage ba.