Sashen da Darakta Ya Hana a Taɓa

Aikina a hukumarmu gyaran kalmomi ne. Lauya ce ni, amma ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Tebur aka ba ni a wani bene a Garki, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, aka ce in riƙa duba ƙa'idojin da muke gindaya wa kamfanonin sadarwa ta tauraron ɗan'adam, wato masu karɓo saƙo daga sama su miƙa wa na ƙasa. In dangina suka tambaye ni me nake yi a Abuja, sai in ce aikin gwamnati, su ce Allah ya taimaka, a wuce wurin.

Ƙa'idojin sun tsufa tukuf. An rubuta su ne a zamanin da tauraro ke tsayawa wuri ɗaya a sama, a gina masa tasha a ƙasa, a kafa faranti mai girman rumfar kasuwa yana kallonsa dare da rana. Har talgiram akwai a ciki. Yanzu kuwa taurarin ƙanana ne, garke-garke suke wucewa, abin kama su bai fi tiren shayi ba, mutum ya ɗora a rufin mota ya kama gabansa. Sai aka kafa kwamiti don a sabunta kalmomin, aka naɗa ni mai rubutu, Daraktanmu kuma shugaba.

Darakta mutum ne mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya ko ga direbansa. A ƙarshen shekarar zai yi ritaya, kuma kowa ya san wannan ne aikin da yake so ya sa wa hannu kafin ya tafi. In bai kammala ba, wanda zai gaje shi sabon kwamiti zai kafa, a koma farko, haka ake yi a wurinmu.

Da farko aiki ya tafi sumul. Muka cire talgiram ana dariya, muka sauya wannan, muka gyara wancan. Sai muka iso sashe na bakwai, inda aka fassara abin da ake nufi da tashar ƙasa: gini ne mai shinge, farantinsa kafe cikin kankare, da injiniya mai kwana a wurin. Muddin wannan fassarar na nan, mai tiren shayi ba zai samu lasisi ba, tun da ba shi da shinge ba shi da kankare. Masu nema kuwa sun yi ta sintiri a ofishinmu har masu gadi sun san fuskokinsu.

Duk lokacin da muka zo sashen sai Darakta ya dubi agogo.

“A tsallake wannan for now,” in ji shi. “Mu je section eight.”

Muka tsallake a zaman farko, muka tsallake a na biyu. Da abin ya ishe ni sai na tare wani injiniya da ya daɗe a hukumar, mutumin kudu ne, a kasuwar Garki ya koyi Hausarsa.

“Ah, Madam, kai ba ka sani ba?” ya ce. “Ogan Oga ce ta rubuta wannan. Da hannunsa fa. Nobody dey touch am.”

A bakinsa na ji sauran labarin. Akwai wani tsohon injiniya da ya shugabanci sashenmu tun ina makaranta. Shi ya ɗauko Darakta yana ɗan bautar ƙasa, ya koya masa aiki, ya tura shi kwas ƙasar waje, har shi ya karɓa masa aure. Bayan ritaya ya bar Abuja ya koma garin Uke da zama.

Akwai kuma wata al'ada a hukumarmu da ba a rubuta ko'ina ba. Ba a goge abin da babba ya rubuta yana raye sai an je an gaishe shi an sanar da shi. Ba wani abu ba ne mai wuya. A riƙe dabino da turare, a durƙusa, a ce zamani ya canza, shi kuma ya ce Allah ya yi albarka. Ban taɓa jin wanda ya ce a'a ba. Darakta ya fi kowa sanin haka, amma ya ƙi zuwa, ya kuma ƙi aikawa.

Maimakon haka sai ya shiga dabara. Ya ce in bar sashen yadda yake, in ƙara masa jela: sai dai idan tashar ba gini ba ce, ko ba ta da shinge, ko farantinta ba a kafe yake ba, ko babu mai kwana a wurin. Na rubuta, tun da an ce in rubuta. Jimlar ta fito doguwa, farkonta na faɗin abu, ƙarshenta na ƙaryata shi. Lauyoyin da ke tace mana daftari suka dawo da ita da jan biro da alamar tambaya ƙatuwa. Sunana ne a ƙasan takardar, kuma na ji haushi ƙwarai.

Na samu Darakta a ofis bayan azahar.

“Ranka ya daɗe, abu biyu ne. Ko mu goge sashen, ko mu bar wa wanda zai zo bayanka ya goge.”

Ya daɗe yana juya zoben hannunsa.

“Barista, ba ki san Baba ba. A gabana ya rubuta wannan, ina riƙe masa fayil. Da wane ido zan kalle shi in ce aikinsa ya ƙare?”

Can sai ya ce, “Asabar za mu je. Ki zo da daftarin, ke za ki karanta.”

Ranar Asabar na same shi a gidansa na Maitama cikin farar babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. An cika bayan mota da dabino da turare da shadda da katan-katan na lemo. Muka sha cunkoson Nyanya da Mararraba. Da muka isa Uke sai ya sa direba ya tsaya bakin titi, ya kira wani a waya yana tambayar kwatancen gidan. Sau biyu muna shiga layin da ba shi ba.

Gidan ƙarami ne, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. A ƙarƙashinta muka tarar da tsohon kan tabarma, rediyo a gefensa, idanunsa sun yi fari da yana. Bayan katanga ana jin kukan shanun Fulani da ke wucewa zuwa rafi. Darakta ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya je ya zube gabansa ya yi sallama.

Tsohon ya karkata kai.

“Muryar nan na san ta. Kai ne?”

“Ni ne, Baba.”

“Ikon Allah. Zo nan in taɓa ka.” Ya shafa fuskarsa da kafaɗunsa. “Ka yi ƙiba. Gwamnati na kula da kai.”

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi yaran Darakta da sunayensu, yana zaton suna firamare, alhali babbar har ta yi aure. Daga nan Darakta ya fara kewaye-kewaye, zancen zamani, zancen ci gaba, zancen yadda hukuma ba za ta manta da gudummawar magabata ba.

“Kai dai faɗi abin da ya kawo ka,” in ji tsohon.

Darakta ya dube ni. Na gyara zama na karanta tsohon sashen, sannan na karanta sabon, wanda ya ce tashar ƙasa ita ce duk na'urar da ke aika saƙo zuwa tauraro ko karɓa daga gare shi, a kafe take ko a tafe. Tsohon ya ce in maimaita, na maimaita.

Sai ya fashe da dariya har da tari.

“'Yata, kin san dalilin shingen nan? Shanu ne. Tasharmu ta farko a daji take, shanu ke zuwa suna soshe-soshe da ƙafar farantin, hoto ya ɗauke. Na gaji da faɗa da makiyaya na sa shi a doka. Ku goge mana! Ai na ɗauka an goge tuntuni.”

Na ga kafaɗun Darakta sun sauka. Farin ciki ya sakar masa baki, ya shiga bayani da sauri kamar yaron da ya ci jarrabawa.

“Wallahi Baba, ban bari an taɓa ba. Kwamiti nawa aka yi, ni na tare. Shekara da shekaru ko waƙafi ban yarda a cire ba, saboda girmanka.”

Tsohon ya laluba ya rage muryar rediyon da ma ba ta da ƙarfi.

“To, madalla,” ya ce. “Ashe shi rubutun ya samu mai kula da shi.”

Babu faɗa a muryarsa, murmushi ma yake yi. Ya ce da ya san sai za a goge rubutunsa ake zuwa Uke, da ya cika littafin da kurakurai, duk bayan wata biyu a zo a cire ɗaya. Na yi 'yar dariya don ladabi. Darakta bai yi ba, ƙasa yake kallo. Tausayinsu ya kama ni su biyun, ban san wanda ya fi ba.

Aka kawo fura da nono muka sha. Aka shigo da kayan mota, tsohon ya shafa shaddar ya sa albarka. Da la'asar ta gabato direba ya leƙo, saboda cunkoson komawa.

Har mun miƙe sai tsohon ya riƙe hannun Darakta.

“Akwai sauran wani abu nawa a littafin?”

Darakta ya waiwayo ya dube ni, don ni ce na san daftarin shafi-shafi. Na so in ce akwai.

“Babu, Baba,” na ce. “Shi ne na ƙarshe.”

Ya gyaɗa kai, ya saki hannun.

“To, shi ke nan. Ku gaida mutanen gida.”