Kwalaben da Suka Rasa Suna

Maijidda 'yar Malam Sulle ce, malamin dagacin Gwangwan. Tun tana ƙarama aka san ta da zuciya. In an taɓa ta ba ta kuka, sai dai idonta ya kaɗa ya yi jawur, ta tsaya ƙyam sai an gaya mata dalili. Ubanta ne ya tsaya kai da fata ta gama sakandare, ya kuma tura ta Kano wajen yayarsa ta koyi buga tafireta. Da ta yi aure sai ta tare a Karaye, inda mijinta Lukumanu ke jan motar haya zuwa Rogo.

A ƙarshen shekarun tamanin wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe ofishin bunƙasa noma a Karaye, aka ɗauke ta aikin tafireta. Babban aikin ofishin shi ne tattara irin gargajiya kafin ya ɓace. Malaman gona na shiga Beli da Jajaye da sauran ƙauyuka, suna roƙon tsofaffi ɗan abin da suka ɓoye a rumbu ko a ƙasan tukunya: gyaɗa, dawa, maiwa, wake. Kowane iri a zuba shi a kwalba, a manna masa lamba, a jera a sito. Bayaninsa kuwa, wato wa ya bayar, daga wane gari, yana jure fari ko yana tsere wa ƙuduji, Maijidda ce ke bugawa. Wani lokacin takan bi su, don akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Ita ta durƙusa gaban Gwaggo Lami ta Beli har tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta ba ta wata jar gyaɗa da ta gada daga kakarta.

"Ki riƙe mini ita da kyau," in ji tsohuwar. "Jikokina sun ce ba ta da auki, ba mai shuka ta."

A tsakiyar shekarun casa'in aka kawo kwamfuta. Babba ɗaya ce ke riƙe da dukkan bayanan, ƙanana biyu na jawo abin da suke so daga gare ta ta waya. Wani injiniya mai suna Aminu ya zo daga Zariya ya haɗa su, ya zauna ya koya mata. Kafin ya tafi ya saka mata manhajoji biyu. Ta farko tana sa ido a kan lafiyar babbar na'urar, tana nuna ko ta fara nawa wajen ba da amsa, ko faifan cikinta ya fara tuntuɓe. Maijidda ta raɗa mata Maigadi. Ta biyun tana matse bayanan su ƙanƙance, kamar an danna auduga a buhu, har su shiga ƙananan fayafayai da ake ajiyewa saboda tsautsayi.

"Malama, ki kula da abu guda," in ji Aminu. "Abin da aka matse a jere yake bisa fayafayan nan, kamar tasbaha. In ɗaya ya lalace, musamman na ƙarshe, wahala ce ki samu sauran."

Ta riƙe wannan magana kamar karatun sallah. Duk safiya sai ta duba Maigadi kafin ta ajiye jakarta, duk ƙarshen mako ta matse bayanai ta kulle fayafayan a kabad. Ta kusa shekara biyu tana zuba tsofaffin takardu a cikin na'urar. Da ta gama, manajan ofishin, Alhaji Bappa, ya ce takardun sun tare wuri, a fitar da su. Ta ce a bari. Ya ce ai zamani ya wuce nan. Ba a jima ba ta sayi ƙosai a bakin kasuwa, aka naɗe mata shi a takardar da ita ta buga da hannunta. Ranar ba ta iya cin ƙosan ba.

Sai bazarar da aka ce manyan baƙi za su zo daga hedikwatar ƙungiyar. Alhaji Bappa ya sa aka cire na'urar sanyaya ɗakin kwamfuta aka mayar ofishinsa, inda za a sauke su. Ɗakin Maijidda ya koma kamar tanderu. Cikin 'yan kwanaki Maigadi ya fara nuna jan rubutu. Abin da na'urar ke kawowa kafin ƙiftawar ido, yanzu sai mutum ya gaji da jira, ga wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga cikinta.

Ta yi sallama ofishin Alhaji Bappa, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali.

"Ranka ya daɗe, na'urar nan tana mutuwa. Zafi ne. A maido mana da sanyin, ko a kira Injiniya Aminu."

"Ke 'yar Sulle, ƙarfe ne fa. Mu da muke da jini ba mu mutu ba."

"To a ba ni sababbin fayafayai in ƙara ajiya ta biyu. Waɗanda nake da su sun tsufa."

"Bayan baƙi sun tafi."

Ta koma sau da yawa har masinja ya fara cewa Alhaji ba ya nan, alhali tana jin tarinsa. Ta ɗauko fankar ɗakinta daga gida ta kafa wa na'urar. Lukumanu ya ce ita da kwamfutar nan sai ka ce mai jinyar uwa. Ba ta yi dariya ba.

Ana gobe baƙi za su iso, da hantsi, na'urar ta yi wani gurnani, allon ya tsaya cak. Ta kashe ta kunna, ba abin da ya fito. Ta ce da kanta ai don wannan rana aka yi ajiya. Ta buɗe kabad ta kwaso fayafayan, ta nufi ɗaya daga ƙananan kwamfutocin. Na ƙarshe da na kusa da shi ba sa cikin kwalin.

A teburin Jibo ta same su, mataimakin manaja, wanda ke riƙe da makullin kabad na biyu. An soke rubutunta da biro, an rubuta "Jawabin Maraba" a sama.

"Malam Jibo, me ka yi da waɗannan?"

"Alhaji ya ce a kai jawabinsa Kano a buga da kala. Na ga suna da yawa a wajenki, sai na ɗauki biyu na goge. Ai ga sauran nan."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta koma ta gwada duk dabarar da aka koya mata. Manhajar ta yi ta neman faifan ƙarshe. Daga baya Aminu ma ya zo ya gwada, bai ceto komai ba sai tarkacen da ba ya karantuwa.

Washegarin mutuwar na'urar baƙin suka iso, suka nemi a nuna musu bayanan irin. Alhaji Bappa ya gyara babbar riga, ya yi murmushin ban haƙuri, ya ce an samu ɗan kuskure daga mai kula da na'urar, kun san mata da harkar ƙarfe, amma za a ɗauki mataki. Maijidda na tsaye a bakin ƙofa da tiren lemo, don ita aka sa ta raba.

Ta dire tiren a ƙasa.

"Ƙarya ne, Alhaji. Sanyin da ke kaɗa ka yanzu na na'urar ne. Jawabin da ka karanta a kan ajiyarmu aka rubuta shi. Na zo maka har ka sa aka riƙa korata. Ka ji tsoron Allah!"

Babban baƙon ya dubi agogo, ya ce wannan magana ce ta cikin gida. Abin da suka tafi da shi ke nan: wata ma'aikaciya ta yi wa manaja rashin kunya a gaban jama'a. Kafin wata ya ƙare aka sallame ta.

Ranar da ta je kwashe kayanta ta leƙa sito. Kwalabe ne jere har rufi, kowace da lambarta, ba wanda zai iya cewa wannan ta wane ce ko me ta iya. Jajayen gyaɗa sun fi a ƙirga, duk kama ɗaya. Ta yi ta ɗagawa tana dubawa ko za ta gane ta Gwaggo Lami, wadda ta rasu tun damina biyu da suka wuce. Ba ta gane ba. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba a gaban kowa.

Malam Sulle ya kira ta Gwangwan ya ce gaskiya ta faɗa, amma da ta sassauta murya. Ta ce, "Baba, a hankali na faɗa tun farko, wa ya ji?"

Ta buɗe ɗan shago a Rogo kusa da tasha, tana buga takardu tana koya wa 'yan mata tafireta. Ofishin Karaye bai daɗe ba aka rufe shi. Ta ji labarin irin da ƙwari suka rage an juye shi wuri guda an ba wani mai kiwon kaji.

Shekarar da Alhaji Bappa zai koma aikin hajji, ya aiko matarsa Hajiya Adama neman gafara. Maijidda ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa sosai. Sannan ta ce, "Hajiya, ki gaya masa ƙaryar da ya yi mini da aikina da ya raba ni da shi, na yafe duniya da lahira. Amma irin nan ba nawa ba ne. Amanar tsofaffi ce, yawancinsu suna ƙasa. Ba ni da ikon yafe masa wannan."

Hajiya Adama ta ce za ta isar. Maijidda ta raka ta har bakin titi, ta tsayar mata da mota, ta dawo ta tarar da ɗalibarta ta sa takarda a tafireta a karkace, ta ce mata ta cire ta sake.