Sai-Ta-Huce da Mota Mai Shan Ruwa

A layin masu gyaran mota ba wanda yake kiran kawuna da sunansa na yanka. Sai-Ta-Huce ake ce masa. Yana saurayi ya taɓa buɗe marfin lagireto inji na tafasa, ruwan ya ɗaye masa fatar hannu har gwiwa. Tun daga ranar, ko wane ne kai, in ka kawo mota da zafi, benci zai nuna maka ya ce sai ta huce. Shekararsa talatin da ɗoriya a rumfa guda, ƙarƙashin kwanon da ya sha faci.

Wata safiya wata tsohuwar malamar asibiti ta zo da motar marigayi mijinta, babban ɗanta na tuƙi. Motar shan ruwa take kamar raƙumi. An sauya lagireto, an sauya tiyo biyu, duk a banza.

Ɗan ya ce, "Baba, ni dai na ce a sayar da ita a huta. Famfon ruwan ne ya mutu."

Kawu ya tambayi uwar, "Hajiya, inda take kwana, kina ganin jiƙa a ƙasa?"

"Ko ɗigo babu. Ni nake share wurin."

"To ruwan ba waje yake fita ba, ciki yake shiga."

Da injin ya yi sanyi, ya buɗe marfin baƙin mai. Cikin marfin ya yi kumfa, kamar shayin da aka cika wa madara. Ya cika lagireto, ya sa aka tayar da mota, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina farin hayaƙin. Sannan ya kwance fulogai huɗu ya jera a kan tsumma. Uku sun yi baƙi, na biyu kuwa fes, kamar an wanke shi da sabulu.

"Gasket ya ƙone a silinda ta biyu," in ji shi, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji mai hana ruwa shiga ciki.

Ɗan ya taɓe baki. "In aka farke injin aka tarar ba shi ba ne fa?"

"Sai in ba ka sifana, in koma kan bencin nan in zauna."

Hajiya ta yi dariya ta ce a buɗe. Da aka ɗaga kan injin, ga tsaguwar nan a gasket, ba ta kai faɗin farce ba, daidai inda ya faɗa. Ta sa tabarau ta duƙa ta daɗe tana kallo.

"Yadda muke gano ciwo ke nan," ta ce, "sai dai mu maras lafiyarmu yana magana."

Kan injin ya ɗan karkace saboda zafi, Kawu ya kai aka goge shi, ya sa sabon gasket, ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe. Kwana uku aikin ya ci. Ranar karɓa ita kaɗai ta zo, ta gyara mayafi, ta ja kujera gaba, ta tuƙa abarta.