Ranar da na gaida kawu a tsaye

Shekara biyar ina wankin zanen gado a wani gidan saukar baƙi a Magariya. Abin da mutane ke bari a kan zane ba zan faɗa ba, kada in hana wani cin tuwo. Hannuwana duk sun tsattsage da omo. Don haka ranar da mai gidan ya ce zai kawo mushe, wato malamin boko, da zai koya mana Ingilishi, kuma wanda ya ci jarrabawa shi zai zauna teburin tarbar baƙi, ƙarƙashin fanka, sai na ce a raina teburin nan nawa ne, ko me za a yi.

Mushen ya zo daga Damagaram, da kwat a jikinsa cikin zafin bazara, yana ta zufa yana ƙamshin turare mai hawa kai. Mu uku ya samu: ni, da mai dafuwa, da mai gadi. Ya raba mana kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa. Muka haddace sunan tawul, da makulli, da matashin kai, da ƙwai soyayye da dafaffe. Wannan bai dame ni ba, na ɗan yi lakwal, makarantar boko, kaina na ɗauka. Abin da ya tsaya mini a wuya dokokinsa ne.

"Baƙo ba surukinka ba ne," in ji shi. "Ba tsuguno, ba sunkuyar da kai. Ka miƙe, ka dube shi cikin ido, ka buɗe haƙora. Wannan ina gajiya, ina gida, ina iyali naku, ɓata lokaci ne."

Ya kawo madubi ya jingina da bango, ya sa mu muna yi masa murmushi. Ƙato da gemu, da 'ya'ya a gida, yana yi wa madubi yaƙe kamar gonar auduga. Kuma baƙin namu su wane ne? 'Yan kasuwar Kano da Daura masu Hausa tsantsa, sai mutanen furoje, ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara, masu Faransanci. Mai gadi ya yi sati ɗaya ya ce shi ya gaji da wasan yara, ya koma bakin ƙofarsa. Ni na zauna, don teburi nake so.

Ranar jarrabawa mushe ya ce ba kwaikwayo za a yi ba. Kowa zai tsaya bayan teburi, duk wanda ya fara shigowa shi ne baƙonsa, a tarbe shi da Ingilishi. Wanda gwiwarsa ta lanƙwasa ya faɗi. Aka ba ni farar riga da baƙin wando, na tsaya. Mushe na gefe da bik a hannu, mai gida na bayansa.

Sai na ga an tuɓe takalma a bakin ƙofa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a ƙauyenmu na Yekuwa tun rasuwar babana. Ya biyo amalanke zuwa kasuwa, ya ɗauko mini rabin buhun wake a kafaɗa. Ya ga daɓe na ƙyalli, shi ya sa ya shigo ba takalmi, yana takawa a hankali.

Gwiwoyina da kansu suka fara yin ƙasa. Na ji mushe ya yi gyaran murya. Na tuna tulin zannuwan da ke jirana a wurin wanki. Sai na miƙe ƙyam, na dubi dattijon nan cikin ƙwayar ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na buɗe haƙora, na miƙa masa hannu ɗaya.

"Gud monin, sa. Kan ay halp yu?"

Ya tsaya yana kallon hannun. Ya ce, "Ɗana, ni ne."

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma mushe na rubutu, ni kuma na zarce da karatuna, na tambaye shi da Ingilishi ko ɗaki yake so, na kwana nawa. Kawu ya sauke buhun a hankali ya jingina da teburi. Ya ce, "Wake ne, na bana." Ya juya, ya sa takalmansa, ya fita. Mushe ya tafa mini. Tir da wannan tafi.

Na samu teburin. Bayan sati biyu na hau kabu-kabu na tafi gida, ina ta shirya ban haƙuri a hanya. Na tarar da kawu a ƙofar gida kan tabarma. Yana hango ni ya miƙe tsaye. Na faɗi ƙasa zan gaishe shi, ya riƙe kafaɗata.

"A'a, tashi, kada wandonka ya kwashi ƙasa."

"Kawu, ka yafe mini. Jarrabawa ce ake yi mana."

"Mai gadinku ya faɗa mini. Ka ci?"

"Na ci."

"To, madalla."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya aika aka aro kujera daga lakwal ɗin ƙauye, aka ajiye mini a inuwa. Da aka fito da tuwo, shi da 'ya'yansa suka zagaye kwano ɗaya, kwanon da na yi shekara ashirin ina sa hannu a ciki. Ni aka kawo mini nawa daban, a rufe, da cokali a kai.