Bahago da Kwatar Ƙofar Gidanmu

Shan inna ta cinye wa yayana Bahago ƙafafu tun yana goye, amma ba ta hana shi fita ba. Yana da katako mai tayoyin boris huɗu. Yakan hau ya zauna, ya zura hannuwa cikin silifas, ya tura ƙasa. Tun daga lungunmu a Ƙofar Kibo ake jin ƙararsa har gindin durumin bakin titi, inda yake ɗinkin wuyan riga da abokansa.

A shekarar tamanin da takwas aka yi kwata ta siminti, ta gitta ƙofar gidanmu. Wai ci gaba! Mai ƙafa taku ɗaya ya wuce, Yaya kuwa sai an ɗauke shi. Ya sa gadar itace aka sace, ya sake sawa ruwa ya tafi da ita. Maƙwabcinmu Ɗanjuma mahauci ke cicciɓarsa kamar buhun masara, yana cewa, "Malam, ka ƙara nauyi fa!" Ba mugu ba ne. Amma ranar da ya yi sammako, haka Yaya zai wuni a zaure, mutum da gemunsa, yana kallon ƙafafun masu wucewa. Abin yana ci mini rai.

Wata rana a bidiyon gidan Ɗanjuma Yaya ya ga 'ya'yan Turawa suna tsalle da allo mai taya. Kowa na dariya, shi ya ƙura ido.

"Safiyatu," ya ce da ni da ya dawo, "wutsiyar allon suke dannewa, kansa ya ɗaga, sannan su jefa jiki gaba. Shi ke nan."

"Su da ƙafa suke yi, Yaya."

"To ni da abin da Allah Ya bar mini."

Ya ja layi da gawayi a tsakar gida, daidai faɗin kwatar. Ya taho da gudu, ya koma da nauyinsa baya, ya fizgi kan katakon, sai ga shi rigingine. Idan ya yi saurin jefa ƙirji, haɓa ce ke shan ƙasa. Yatsun da ke riƙe allura duk suka saɓule. Mahaifiyarmu ta yi faɗa ta gaji, ta koma dafa masa ruwan gashi.

Bayan damina, wata safiya, ya ce in buɗe ƙofar zaure in matsa. Ya taho tun daga tsakar gida. Na ji ƙwas, na ga haske a ƙarƙashin tayoyin, ya dira a wancan gefen. Na yi guɗa ban sani ba. Bai ko waiwayo ba, ya miƙe lungu, na bi shi da mayafi a hannu.

A bakin lungu na tarar da shi tsaye cak. Aikin kwata ya iso titi, kuma wannan ta ninka tamu faɗi. Ga durumin can, ga abokansa suna ɗaga masa hannu. Ɗanjuma ya taso yana naɗe hannun riga.

"Bar shi," in ji Yaya.

A nan ya shimfiɗa tabarmarsa, tsakanin kwata biyu. Da farko abokan suna tsallakowa su zauna da shi, daga baya suka rage, don wurin ba inuwa. Har ya rasu, ban sake jin ya ce wa wani ya ɗauke shi ba.