Fuskar da na ara wa Inna

Ban taɓa iya mantawa da wata Laraba ba, ranar kasuwar Konni, da Malam Jabbi, wani makiyayi daga wajen Dogarawa, ya shigo shagonmu na hoto. Lokacin ni ne mai gyara a kwamfuta, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Ku da kuke koyon aikin yanzu, ku saurara.

Ya kwance wani ƙyalle ya fito da hoto tun na zamanin Nasara. Masu sayar da fata ne a ƙofar kantin Bature, ga ƙiraga da fatun awaki an jibge har sun kai ƙirjin mutum. Wani dattijo yana zaune a tsakiya. A gefe mace ce tsaye da ƙwarya, amma fuskarta ta zama hazo, domin na'urar wancan zamani tana jan lokaci, wanda ya motsa sai ya ɓace.

"Kakata ce wagga," in ji shi. "Ɗiyarta, tsohuwata, tana raye. A ƙara girmanshi ta gani, idonta ya yi rauni."

Ƙa'idarmu ita ce a kwafi hoto, a share tabo, a buga. Maigidana ma sai da ya ce, "Sani, kar ka taɓa komi." Ni kuwa na ga hazon nan zai rage mini suna. Na buɗe tarin hotunan katin ɗanƙasa da muka ɗauka shekara da shekaru, na tsinci wata Bafulatana mai zane a kumatu, na rage wa fuskarta launi na ɗora a kan hazon. Ta zauna daram. Na naɗe na ba Jabbi bai ko buɗe ba.

Kasuwa ta gaba ya dawo, ya tsaya bakin ƙofa bai yi sallama ba.

"Mi ka ba ni, yaro? Tsohuwa ta bar cin abinci. Ta ce a ɗebo mata likkafani."

"Baffa, hoton bai yi kyau ba?"

"Hajjo ce ciki. Mai tallar nono, maƙwabciyarmu. Da hannuna na gina kabarinta damanar bara. Ga ta tsaye cikin mutanen da, tana kallon tsohuwa. Tsohuwa ta ce aiko ta aka yi kiranta."

Na buga hoton na gaskiya, muka hau kabu-kabu zuwa rugarsu.

Na iske Inna, tsohuwar Jabbi, kwance a bukka, hoton da na gyara jingine da ƙwarya yana fuskantarta. Na rantse muku, ni da na ɗora idon nan da hannuna na kasa haɗa ido da shi. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na yi. Na ce babu wanda ya aiko Hajjo, ni ne, kuma neman suna ya sa ni.

Ta karɓi na gaskiyar, ta kai shi dab da ido, ta shafa hazon da yatsa.

"Ga Innata," ta ce. "Wanga dattijo surukinta ne. Ta yaya za ta tsaya gabanshi da fuska a buɗe? Kauda kai ta yi. Kunyarta ce ka goge."

Ta ce a dama mata fura, ta sha. Jabbi ya yi hamdala. Na miƙa hannu zan ɗauke na Hajjo, sai ta dafe shi.

"Bar ta nan. Fuska nawa gare ka cikin akwatin naka?"

"Da yawa, Inna."

"To wa ya kai hannunka kan tata?"

Na bar mata hoton, na komo Konni. Abin da na sani shi ne, hazon da ke cikin tsohon hoto ba naka ba ne. Wani ne ya motsa, kuma yana da dalilinsa. Tun ranar, in hazo ya zo mini hazo nake mayarwa, in aiki ya kai ni cikin hotunan kati kuwa sai na yi bisimilla kafin in buɗe.