Ɗigon Ƙaro a Jikin Tagulla

A ɗakin Baba akwai wani ƙwallon tagulla mai girman kabewa, yana juyawa a kan ƙafafu huɗu. Kakanmu ne ya zo da shi daga Hajji, zamanin da ake tafiya a ƙasa. Taurarin sama aka zana a jikinsa, kowanne da sunansa da Larabci, rubutun har ya soma shafewa don tsufa. Muna yara ko inuwarsa ba ma takawa.

A ƙauyenmu Karare, da bazara ta yi nisa manoma sai su yi ta sallama a zaurenmu. "Malam, wane tauraro muke ciki? Mu yi binne ko mu dakata?" Baba ya juya ƙwallon, ya yi lissafinsa, ya ce su saurara tukuna, ko ya ce su fito da iri. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ruwa ya kunyata shi, amma ba su fasa zuwa ba.

Da idonsa ya fara hazo, sai ya jiƙa ƙaro, ya bi taurarin damina ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu. Ƙaron ya bushe ya yi tudu, yadda yatsa zai gane. Bai gaya wa kowa ba, Baba dama ba mai yawan bayani ba ne. Daga baya zaman ƙauye ya gagara muka dawo Batsari, gona ta tafi, ido ya ƙarasa rufewa. Abin da ya rage masa ke nan: mutanen Karare su biyo ranar kasuwa, ya shafa tagulla ya ba su amsa.

Ana jibi Sallah Inna ta fito da tasoshi da butoci za ta wanke, ta hangi ƙwallon duk ɗige-ɗige baƙi. Ta ɗauka kashin ƙudaje ne. Inna kuwa ba ta haɗa hanya da dauɗa. Ta sa toka da tsamiya ta dirje shi har yana ɗaukar ido, ta kai masa tana murna.

"Malam, taɓa ka ji. Na fitar maka da shi fes."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya bi shi da yatsa, ya juya, ya sake juyawa. Ya daɗe.

"Sannu da aiki," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Da na gane abin da aka goge, na yi ƙoƙarin mayar masa da ɗigon, yana faɗin sunaye ina nema, amma rubutun ya fi ƙarfin idona. Har yau idan hadari ya haɗu ta gabas, kewar Baba nake ji, da ta zauren nan cike da mutane.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan wankin, wani tsoho ya yi sallama, ya tambayi tauraro. Baba ya ce in ba shi ruwa ya sha, sannan ya ce, "Ka tambayi masu ido."